Nawa Ka Ci? Waiwaye a kan Makin JAMB da 'Ya'yan Mubi

A watan Fabrairun 1961, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba-gardama don mutanen Arewacin Kamaru su faɗi inda suke son zama, jami'a biyu ce kacal a Nijeriyar da suka zaɓa, ta Ibadan da ta Nsukka. Mubi ta zama hedikwatar sabon Lardin Sardauna, amma yaron da aka haifa a gindin duwatsun Mandara, ɗan Gude ne ko Fali ko Njanyi ko Bafillace, in yana son karatu mai zurfi dole ya bar gida tun da ƙuruciya. Sai ya gama firamare, ya tafi sakandare a Yola ko Maiduguri ko Zariya ko wata makarantar mishan, ya ci jarrabawar WAEC, ya ƙara shekara biyu ta babbar satifiket, sannan ya zauna ya rubuta wa kowace jami'a takardar neman gurbi daban. Waɗanda suka bi wannan hanya har ƙarshenta ba su da yawa, shi ya sa har yau ake iya kiran sunayensu. Cikinsu akwai Farfesa Iya Abubakar na Belel, masanin lissafi, wanda ya bi ta Barewa da Ibadan da Kambirij, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

A wancan tsari hali yana da muhalli babba. Hedimasta ya san yaro, ya san gidansu, ya san ko mai tashi da asuba ne ko sai an yayyafa masa ruwa, kuma takardar shaidar da zai rubuta a kansa tana tafiya tare da sakamakon jarrabawa. Dattawa da yawa suna tuna wannan zamani da kewa, kuma suna da hujja. Sai dai idon malami ido ne na ɗan Adam. Yana ganin ɗan hakimi kafin ɗan talaka, yana ganin wanda ke zaune a bencin gaba kafin wanda ya sha tafiya daga ƙauye ya iso a makare. Yarinya kuwa sau da yawa ba ta ma kai ajin da za a rubuta mata shaida ba.

Kuɗin man fetur ne ya sauya lissafin. A 1975 gwamnatin soja ta ƙara jami'o'i bakwai, har da ta Maiduguri wadda ta zama mafi kusa da mu, jimilla suka kai 13. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Masu neman gurbi suka yi yawa, kowace jami'a kuma tana nata ɗauka ba tare da sanin abin da 'yar'uwarta ke yi ba. Yaro ɗaya mai ƙoƙari sai ya samu gurbi a wuri uku, ya je ɗaya, kujeru biyu su zauna babu kowa alhali wasu suna gida suna jira. Shugabannin jami'o'i suka koka, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Michael Angulu, daga ƙarshe gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa hukumar JAMB da doka ta 2 ta 1978, Angulu ya zama magatakardanta na farko. A lokacin ɗan Adamawa ne, marigayi Farfesa Jibril Aminu na Song, ke riƙe da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. Shekara guda kafin haka, a 1977, ƙasar Sin ta dawo da tata jarrabawar shiga jami'a bayan ta yi shekaru da jingine ta. Ƙasashe masu ɗimbin jama'a da ƙarancin kujeru kan faɗa ga dabara iri ɗaya, wato a yi wa kowa tambaya ɗaya a rana ɗaya, a jera su bisa lamba.

Arewa ba ta karɓi abin da murna ba, kuma dalilin a fili yake. Makarantun boko sun riga mu kafuwa a Kudu da shekaru masu yawa, don haka duk jerin da aka yi bisa maki zalla, 'ya'yan Gongola, jihar da Mubi take ciki a lokacin, a ƙasa za su taru. Aka nemi hanyoyin cike giɓi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta riga ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a tun 1970, ta kuma fito da jarrabawar IJMB a 1976. Yola tana da tata kwalejin share fage. Mubi ita ma ta samu makarantar tarayya ta fasaha da kimiyya, inda ɗalibai daga sassan ƙasar nan suka riƙa zuwa yin karatun gaba da sakandare. Aka kuma raba guraben jami'o'in tarayya kashi-kashi. Tsarin da ake bi yanzu shi ne kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 35 na 'yan yankin da jami'a take, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Adamawa na cikinsu. A da har da kashi 10 da aka bar wa shugabannin jami'a su ba wanda suka ga dama, daga baya aka soke shi. Wato tun ranar farko ƙasar ta amince cewa 220 ɗin yaron Legas da 220 ɗin yaron Maiha ba wahala ɗaya aka sha kafin a same su ba.

A 1982 babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, wadda aka kafa a Yola a 1979, ta taso ta dawo Mubi, ta bar wa sabuwar jami'ar fasaha garin Yola. Wannan ƙaura ce ta mai da Mubi garin ɗalibai. Unguwanni suka cika da gidajen haya, masu abinci da masu buga takardu suka samu sana'a, yaran gari suka fara ganin karatun gaba da sakandare a ƙofar gida. A 1989 aka faɗaɗa ikon JAMB ya haɗa da irin waɗannan kwalejoji da na horar da malamai, da jarrabawarsu daban da ta jami'a. Daga nan kalmar "jam" ta shiga bakin iyayen da ba su taɓa zama a aji ba. Uwa mai tuyar ƙosai ta san watan sayen fom, ta san ana cewa huɗu ne darussan kuma Turanci dole ne, ta san makin duka 400 ne, ta san 200 ce iyakar da ke raba mai dariya da mai kuka.

Zamanin fensir da takarda ya daɗe, kuma ƙarshensa bai yi kyau ba. A shekarun 1990 da farkon 2000 satar amsa ta zama kasuwa a faɗin ƙasar. Tambayoyi su fita kafin ranar jarrabawa, wani ya zauna a madadin wani, wasu cibiyoyi kuma kowa ya san in ka biya to ka ci. Hukumar ta riƙa soke sakamako da riƙe wasu, mai laifi da marar laifi su sha tare. Malaman jami'a suka fara cewa ga ɗalibi ya zo da maki kusan 300 amma ba ya iya rubuta wasiƙa. A 2005, lokacin minista Chinwe Obaji, aka ba jami'o'i izinin sake yi wa masu neman gurbi tasu jarrabawar bayan ta JAMB. Ga ɗan Mubi wannan ƙarin kuɗin mota ne da kwana a tasha, domin Yola kaɗai kusan kilomita 200 ce, balle Zariya ko Kano. Abin da ya rage wa mutane raɗaɗi shi ne Jami'ar Jihar Adamawa da gwamnatin Boni Haruna ta kafa a Mubi a 2002. Iyayen da ba za su bar 'yarsu ta tafi Maiduguri ba sun yarda ta yi digiri tana kwana a ɗakin uwarta, kuma a ganina wannan ya ƙara yawan mata masu digiri a yankin fiye da duk wani gyaran da aka yi wa jarrabawar kanta.

A 2010, zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama ɗaya. A 2013 aka fara gwada yin ta a kwamfuta. A shekarar ce kuma, cikin watan Mayu, aka sa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe, aka katse layukan waya na tsawon makonni. Kafin nan garin ya riga ya ga abin da ba zai manta ba: daren 1 ga Oktoban 2012 'yan bindiga suka shiga unguwar Wuro Patuji suka kashe gomman mutane, akasarinsu ɗalibai. Ranar 29 ga Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi ɗungurungum. Ɗalibai da malamai da mutanen gari suka fantsama daji da duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka yi kwanaki a ƙafa kafin su kai inda za su samu mota. Sojoji da maharba da 'yan banga sun ƙwato garin cikin Nuwamba, amma makarantu sun daɗe ba su dawo daidai ba, Michika da Madagali kuwa sun fi haka daɗewa.

Watanni kaɗan bayan haka, a 2015, JAMB ta yi jarrabawarta ta farko da babu fensir ko kaɗan, kowa a gaban kwamfuta. Yaran da suka ƙare sakandare a wannan shekara daga arewacin Adamawa sun yi zangon karatu a sansanin gudun hijira ko a zauren wani ɗan'uwa a Yola, littattafansu suna can inda suka baro su. Da yawansu ba su taɓa ɗora hannu a kan madannan kwamfuta ba sai ana saura kwanaki. An ba su tambayoyi daidai da na kowa, lokaci daidai da na kowa, lambar da ta fito kuma ba ta da wurin rubuta inda yaro ya kwana a watan Nuwamba. Duk wanda ya samu 170 a wannan hali, ni a wurina ya nuna abin da mai 270 a makarantar kuɗi ta Abuja bai taɓa samun dalilin nunawa ba.

A nan ne maganar hali take shigowa, domin mu mutane ne masu saurin karanta hali a cikin maki. In sakamako ya fito, tambayar farko ita ce "nawa ka ci?", daga amsar kuma sai a yanke hukunci: wannan mai ƙwaƙwalwa ne, wancan daƙiƙi ne, wannan shiru-shirunsa ne ya taimake shi, wancan rawar kai ce ta kashe shi. Yanzu kuma ga gwaje-gwajen hali da matasa ke yi a waya, a ba mutum haruffa huɗu a ce shi ne irinsa cikin iri 16. Asalin wannan gwaji wata Ba'amurkiya ce, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka tsara shi a shekarun 1940 bisa tunanin Carl Jung. An sha ba da rahoton cewa masu son tunani a kan ma'ana da dabaru sun fi samun maki a irin waɗannan jarrabawa, amma masana halayyar ɗan Adam da yawa ba su ba gwajin amana ba, saboda mutum guda kan sake shi bayan makonni ya fito da wasu haruffan daban.

Binciken da ya fi ƙarfi ya bi wata hanya. A 2007 Erik Noftle da Richard Robins suka duba ɗaliban Amurka, suka ga cewa mai son sanin sabon abu, mai yawan karance-karance da tambaya, shi ya fi cin ɓangaren harshe na jarrabawar SAT, amma wanda ya fi samun sakamako mai kyau a aji, a sakandare da jami'a, shi ne mai naci da tsari, mai gama aikin da ya fara. Kafin su, a 2005, Angela Duckworth da Martin Seligman sun gano cewa a tsakanin 'yan makaranta matasa, kamun kai ya fi gwajin kaifin basira nuna wanda zai yi fice a ƙarshen shekara. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san wannan ba tare da an kawo masa takarda daga waje ba. Dillali a kasuwar shanu ta Mubi yana iya duban bijimi ya faɗi kuɗinsa bai kuskure ba, amma ko zai ja garma har la'asar, wannan sai manomin da ya yi damina da shi. Tambaya 180 ta JAMB cikin awa biyu tana auna abin da yaro ya sani da saurin hannunsa da yadda yake riƙe kansa in agogo na gudu. Ba ta auna ko zai jure yajin aikin malamai na wata takwas, kamar na 2022, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Akwai wani karatun maki da ya fi wannan haɗari, wato a ɗauki sakamakon yanki a ce halin ƙabila ne. Carl Brigham, mutumin da ya tsara SAT ta farko a 1926, ya fara da wannan kuskure. A 1923 ya wallafa littafi bisa gwajin da aka yi wa sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana cewa wasu jinsunan mutane sun fi wasu basira tun daga halitta. A 1930 shi da kansa ya janye maganar, ya yarda cewa gwajin ya cakuɗe da sanin Turanci da sabo da al'adar masu tambaya. Duk shekara in aka fitar da jerin jihohi a kafafen sada zumunta, sai ka ga 'yan Nijeriya suna maimaita maganar da mai ita ya janye shekara kusan ɗari da suka wuce. Yaron da ya tashi da Margi ko Kamwe a gida, Hausa da Fulatanci a kasuwa, ya haɗu da Turanci a ajin da ɗalibai suka fi kujeru yawa, harshe na uku ko na huɗu ake gwada shi da shi. Abin takaicin shi ne wasu yaranmu sun ji maganar har sun gaskata ta.

Ita kanta lambar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An daɗe 180 ce mafi ƙarancin makin shiga jami'a. A 2016 minista Adamu Adamu ya hana jarrabawar da jami'o'i ke yi bayan ta JAMB, a 2017 ya ɗage hanin. A shekarar ce kuma, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede wanda ya karɓi hukumar a 2016, aka sauko da makin jami'a zuwa 120, na kwalejoji zuwa 100. Daga baya ya hau 140, ya hau 160, ya dawo 140, a 2025 aka tsayar da shi a 150. Yaran ba su sauya halitta daga shekara zuwa shekara ba. Shugabannin makarantu ne ke zama a taro su duba yawan kujeru da yawan masu nema su ja layi. Makin 100 kuwa ya kamata ya dami duk mai ƙaunar kwalejojinmu: kowace tambaya amsa huɗu ce a gabanta, ba a kuma rage maki don an yi kuskure, saboda haka wanda ya yi canke daga farko har ƙarshe yana iya tashi da kusan haka. A wancan gefen kuma, likitanci da shari'a da harhaɗa magunguna suna neman maki mai nisa sama da 200, abin da ya sa ake bauta wa lambar. A 2023 wata ɗaliba a Anambra da ta ci 249, makin da ya isa a yi murna, ta ƙirƙiri takardar bogi mai 362 don a ce ita ce ta ɗaya a ƙasa.

Duk da wannan, ba na cikin masu cewa a soke JAMB, kuma ina faɗin haka ne saboda Mubi. Jami'o'in Amurka da yawa sun ajiye SAT a lokacin annobar korona a 2020, suna cewa tana fifita 'ya'yan masu kuɗi. MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Harvard suka biyo baya a 2024. Hujjar da wasunsu suka bayar ita ce in babu maki, sai a koma ga wasiƙun yabo da ayyukan da mai hali ne kaɗai ke iya shirya wa ɗansa, yaro mai ƙoƙari daga makarantar da ba a san sunanta ba kuma ya rasa abin da zai nuna. A nan gida mun fi su sanin abin da ke cike gurbin maki in an cire shi: katin wani babba, kiran waya, ɗan wane ne. Tun 2017 da aka fito da manhajar da ake ba da gurbi ta cikinta, yarinya a Sahuda ko Muchalla tana iya duba waya ta ga an ɗauke ta, ta danna ta karɓa, ba ta durƙusa a ofishin kowa ba. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

Shekarun 2024 da 2025 sun sake tono tsofaffin tambayoyin. A Yulin 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ɗan Michika, ya ce kada a ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba, domin a ganinsa maki ba ya maye gurbin girma da natsuwa. Zauren taron ya ɗau hayaniya, ya sassauta zuwa 16 na wannan shekarar, magajinsa Tunji Alausa kuma ya bar shi a 16. Ana iya saɓa masa a kan adadin, amma tambayar da ya ɗaga ita ce wadda hedimastocin wancan zamani suke amsawa da alƙalaminsu. A 2025 kuma, cikin ɗalibai kusan miliyan biyu, fiye da miliyan ɗaya da rabi suka kasa kai 200. Aka fara zagin yaran zamani da waya da lalaci, sai ga Oloyede a gaban 'yan jarida ranar 14 ga Mayu yana hawaye, yana cewa matsalar na'ura ce ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Kwanakin da suka wuce kafin wannan bayani, a gidaje da yawa an riga an yanke wa yara hukunci a kan halinsu bisa lambar da ba tasu ba ce.

Amsar abin da makin JAMB ke nufi ga ɗan wannan yanki tana cikin Mubi, a kabad ɗin ofisoshin rajista. Kwalejin tarayya ta haura shekara 40 a garin, jami'ar jiha ta haura 20. Kowace tana da fayil ɗin ɗalibi: makin da ya shigo da shi, sakandaren da ya fito, ƙaramar hukumarsa, ko ta share fage ya biyo, da darajar takardar da ya fita da ita. Malaman sashen ilimi da na lissafi za su iya jera waɗannan gefe da gefe ba tare da sunan kowa ba, su gaya wa iyaye da hukumomi ko mai 160 daga makarantar gwamnati a Maiha yana kamo mai 230 kafin aji uku, a wane kwas, kuma su wa ke zubewa a hanya. Da ni za a tambaya, da 'yan shigar 2015 za a fara.